Amsa: Tafkin da ya fi dacewa ka je gani a Caina

Salam Alhaji, ka ce za ka je Yiwu saro kaya, kana da 'yan kwanaki a hannu kuma kana so ka ga tafki mai kyau kafin ka dawo. To gaskiya ni dai shawarata ka fara da Xihu na birnin Hangzhou, don yana kusa da kai sosai, jirgin ƙasa mai gudu bai cika kai awa ɗaya ba daga Yiwu. Zagaye bakinsa kyauta ne, sai in za ka shiga kwale-kwale ne za ka biya. Ka fita da sassafe bayan asuba lokacin da hazo ke kwance kan ruwa, tsofaffi na motsa jiki a gindin bishiyoyi, wallahi abin sai wanda ya gani. UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 2011, kuma akwai tsohon masallaci a cikin gari ba nisa, sallah ba za ta ba ka wahala ba.

In kuma kana da lokaci da kuɗin jirgi to Qinghai fa daban ne, shi ne tafki mafi girma a ƙasar, ruwan gishiri ne, yana kan tudu sama da mita 3,000, saboda haka ka tafi da rigar sanyi ko da rani ne, kuma in kana da hawan jini ka tambayi likita tukuna. A Yuli furanni rawaya ke cika gefensa. A birnin Xining nan kusa musulmi sun yi yawa, abincin halal ko'ina.

Amma don Allah ka guji makon farko na Oktoba, hutunsu ne, cunkoso ba a magana.