Tambaya da Amsa: Karatun jami'a daga gida

Tambaya: Shekarata 38, malamar firamare ce ni a Jega, na samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Kullum daga gida zan riƙa zuwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, a makon farko ki nemi malamin da ke kula da 'yan ajinku a sashenku, tun kafin ki yi rajistar kwasa-kwasai. Ƙa'idar zango ita ce yunit 15 zuwa 24 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas). Kada ki cika 24. Mai aiki da iyali ya tsaya kusa da 18 in sashe ya yarda, domin kwas ɗin da aka faɗi jarrabawarsa yakan dawo badi ya ci karo da wata lacca.

Halartar lacca ita ce tarkon. Yawancin jami'o'inmu na neman kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa, kuma gwajin cikin zango yakan zo ba sanarwa. Ki karɓi lambar shugaban aji, ki shiga zaurensu na WhatsApp, nan ake jin an ɗage lacca kafin ki biya kuɗin mota.

Takardar izinin karatu daga hukumar ilimi kuwa, ki same ta a rubuce. Lokacin jarrabawa ki kwana a Kalgo.