Ina jiran a fara mini gashin sankara, ciwo ya hana ni barci: in ci gaba da daurewa?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 47. Watan jiya aka tabbatar mini da cewa ina da sankarar bakin mahaifa, aka ce za a yi mini gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, haɗe da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin sankara, amma ranar da aka ba ni saura kusan mako shida. Marata da ƙuguna suna ciwo dare da rana, wani lokaci ya gangaro har cinyata ta hagu kamar an zuba wuta. Ina shan farasitamol da diklofenak idan abin ya fi ƙarfina, amma ba na son yawan sha don kada jikina ya saba, kuma an ce mini duk wanda aka fara ba shi mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe ciwo, to tasa ta ƙare. Ba na barci, ba na iya cin abinci, aikin gida ma ya gagare ni. In daure har a fara maganin, ko akwai abin yi?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, Malama. Kada ki daure. Ana magance raɗaɗi tun ranar da ya fara, ba sai an soma yaƙi da sankarar ba, kuma dauriyar da kike yi tana cinye ainihin abin da za ki buƙata nan gaba, wato ƙarfin jiki. Gashin sankarar bakin mahaifa yawanci kwana biyar ake yi a mako har kusan mako biyar, tare da ƙarin ruwan wani maganin kemo mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako, sannan a rufe da gashin da ake yi daga ciki, kuma likitoci sun fi so a kammala duka cikin mako takwas ba tare da yankewa ba. Wadda ta isa ranar farko a rame, ba barci ba abinci, ita ce aka fi tilasta wa a tsayar mata da magani a tsakiya. Maganin ciwo kuma ba ya ɓoye wa likita halin da cutar take ciki, domin da hoto da gwajin jini da duba jiki ake bin sawunta.

Abu na farko da za ki canza shi ne lokacin shan maganin. Tun a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin magance raɗaɗin sankara a kan cewa a sha magani ta baki idan zai yiwu, a sha bisa agogo, sannan a riƙa hawa daga mara ƙarfi zuwa mai ƙarfi gwargwadon yadda ciwon yake. Ciwon da ƙarin sankara ke haddasawa yana nan kullum, saboda haka jira sai ya yi tsanani kafin a haɗiyi ƙwaya yana sa a buƙaci magani mai yawa, kuma a daɗe kafin a ji sauƙi. Babba mai lafiyayyar hanta zai iya shan giram 1 na farasitamol bayan kowace awa 6, kada ya wuce giram 4 a awa 24, amma idan nauyinki ya gaza kilo 50 ko kina da matsalar hanta, likita zai rage adadin. Ki kuma duba kwalin maganin mura ko na ciwon kai da kike da shi a gida, don da yawansu akwai farasitamol a ciki.

Diklofenak kuwa, ina ba ki shawara ki dakatar da shi har sai likitanki ya ga sakamakon gwajin ƙodarki. Shi da danginsa irin su ibufurofen suna taimakawa a wasu nau'o'in ciwo, amma suna ƙara zubar jini, suna ƙwarzar ciki, suna kuma wahalar da ƙoda. A wannan cuta ta ki, ƙarin yakan danne bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ba tare da mace ta sani ba, kuma sisfilatin ɗin da za a ba ki ba a bayar da shi sai ƙoda tana aiki yadda ya kamata. Ki nemi a auna ƙodar, a auna yawan jininki a lokaci guda, domin ƙarancin jini yana rage amfanin gashi, kuma gara a gyara shi yanzu, da magani ko da ƙarin jini, da a gano shi a ranar da aka ce ki zo.

Sai maganar mofin, wadda ita ce ta fi sa mutane kwana cikin azaba ba gaira ba dalili. Abin da ya haifar da wannan tsoro shi ne yadda aka daɗe ana hana marasa lafiya shi sai a kwanakinsu na ƙarshe, sai dangi suka riƙa ganin an ba da shi, bayan kwana biyu an yi rashi, suka ɗora laifin a kan maganin. Ƙarfin ciwo ne ke sa a rubuta mofin, ko cutar tana matakin farko ko ta yi nisa, kuma idan an bi ƙa'ida ba ya rage kwana. Ana farawa da ɗan kaɗan, na ruwa ko na ƙwaya, wanda ke soma aiki cikin kamar minti 30 ya kuma ɗauki kimanin awa 4, sannan a ware miki wani ƙarin da za ki sha idan ciwo ya taso kafin lokacin na gaba. Idan an gano adadin da ya ishe ki a yini, ana iya mayar da ke kan nau'in da ke aiki na awa 12. Gaskiya ne jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya, sai a riƙa ragewa a hankali, amma wannan daban yake da jarabar shaye-shaye, wadda ba kasafai take kama mai shan sa don ciwon sankara a ƙarƙashin kulawar likita ba. Mata da yawa suna barin sa gaba ɗaya bayan gashi ya rage girman ƙarin.

Yana da illolinsa, kuma gara ki san su tun kafin ki fara. Gyangyaɗi da tashin zuciya sukan lafa bayan 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya lafawa, don haka duk likitan da ya rubuta miki mofin ya haɗa miki da maganin sassauta ciki irin su sena ko laktulos tun ranar farko. Idan gwaji ya nuna ƙoda ta raunana, mofin yakan taru a jiki, sai a rage shi ko a zaɓi wani. Kada ki haɗa shi da maganin barci sai da sanin likita, ki kulle shi inda yara ba za su kai ba, kuma mutanen gida su san cewa idan aka yi ta tashinki kika kasa farkawa, ko numfashinki ya yi jinkiri ƙwarai, asibiti za a nufa nan take. Kodin da tiramadol magungunan ciwo ne da ke matakin tsakiya a tsarin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, sai dai kada ki saye su da kanki. A ganina ma, ga ciwon da ya kai ga hana barci, ɗan ƙaramin mofin da aka auna ya fi su tabbas.

Zafin da kika ce yana gangarowa cinya kamar wuta yana nuna alamar ƙarin yana taɓa jijiya, kuma irin wannan ba ya jin farasitamol, mofin ma rabi-rabi yake yi masa. Akwai magungunan da suka fi dacewa da shi, kamar amitiriftilin da ake sha da dare, ko gabafentin, amma sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yanke musu hukunci da wuri. Likita ba zai iya rarrabe waɗannan ba idan abin da kika faɗa masa kawai shi ne «ko'ina ciwo yake». Ki samu ɗan littafi ki ajiye kusa da gado, ki riƙa rubuta sa'ar da ciwon ya taso, inda yake, ko zugi ne ko suka ko murɗa ko ƙuna, makin da za ki ba shi daga 0 zuwa 10, da abin da kika sha da awa nawa ya riƙe ki. Shafi biyu na irin wannan rubutu sun fi dogon bayani a ɗakin likita amfani.

Ki nemi a haɗa ki da sashen da ke kula da sauƙaƙa wa masu doguwar jinya raɗaɗi, idan asibitinku yana da shi. Cicely Saunders, likitar Ingila da ta kafa gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ce ta jawo hankalin likitoci ga cewa fargaba da damuwar iyali da tunanin makoma duk suna ƙara wa ciwon jiki nauyi, kuma aikin wannan sashe ke nan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 a kan masu sankarar huhu da ta bazu ya gano cewa waɗanda aka haɗa da sashen tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, har ma sun ɗan fi tsawon kwana.

Akwai alamun da ba a jiran ranar layi idan sun bayyana. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda ko yake fitowa da manyan gudaji, musamman idan ga jiri. Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe ba zato, domin sankara tana sa jini ya daskare a jijiya. Zazzaɓin da ya kai digiri 38. Amai ba ƙaƙƙautawa tare da kumburin ciki da rashin bayan gida. Mafi gaggawa duka shi ne sabon ciwon baya mai tsanani da ya zo da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, wanda ka iya nufin an danne laka, kuma awoyi kaɗan ne tsakanin tashi da kwanciyar dindindin.

Game da aikin gida, ki lura da sa'ar da magani ya fi yi miki aiki, ki ajiye abin da ya zama dole ki yi da kanki a wannan lokaci, ki yi shi a zaune idan zai yiwu, sauran ki raba. Masu cewa «idan akwai abin da za mu yi ki faɗa» galibi da gaske suke, sai dai ba su san me za su ɗauka ba, don haka ki ambata wa kowa aikinsa: wannan wanki, wannan kai yara makaranta, wannan rakiya asibiti ya kuma rubuta abin da likita ya ce. Kada ki wuni a kwance, domin tattaki na minti 10 sau biyu a rana yana kare tsoka, yana motsa hanji, yana rage haɗarin daskarewar jini. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon jiran yunwar da ba za ta zo ba, ki fifita abinci mai gina jiki, ki sha ruwa sosai. Da dare, kwanciya ta gefe da matashi a tsakanin gwiwoyi da tsumma mai ɗumi a ƙugu suna taimaka wa wasu. Za a yi ta kawo miki magunguna daga masu fatan alheri. Kada ki yi matsi da komai, kada ki sha abin da likitanki bai gani ba, don wasu suna lalata ƙoda da hantar da ake lallaɓawa.

Jiran shi kansa kada ki ɗauke shi abin da ba a taɓawa. Nazarin da mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga a 2020 ya nuna cewa jinkirin mako huɗu wajen fara maganin sankara yana da tasiri a kan sakamako, saboda haka kina da haƙƙin tambaya. Ki bar lambar waya biyu, ki ce a kira ki idan wata ta fasa zuwa, ki tambaya ko akwai wata cibiyar da za a tura ki da ba ta da dogon layi, ki kuma tabbatar an yi miki hoton tsara gashi da duk gwaje-gwajen jini kafin ranar. Idan jini ko ciwo ya ƙaru, ki koma ki faɗa, domin hakan kan sa a matso da ranar ko a fara da wani mataki na tsayar da jinin.