Injin busar da kaya yana juyawa amma babu zafi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Muna haya a wani tsohon gida a Amurka. Injin busar da kayan wankinmu yana juyawa lafiya lau, amma kayan a jiƙe suke fitowa. Maigidana ya leƙa akwatin wuta bai ga bireka ba, sai fis-fis. Injin ne ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ku yi saurin yanke wa injin hukunci, ni dai fis na fi zargi.

Wutar gidajen Amurka layi biyu take shigowa, kowanne bolt 120, idan aka haɗa su a sami 240. Motar lantarkin da ke juya gangar da ake zuba kayan a ciki layi ɗaya ya ishe ta. Wayar da ke ba da zafi kuwa, mai jan wat kusan 5,000, sai da duka biyun. Shi ya sa a tsofaffin gidaje fis biyu ake ware wa injin, yawanci masu amfiya 30. Ɗaya na iya ƙonewa ɗayan na nan garau, sai ganga ta yi ta juyi tana hura iska mai sanyi.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da ke narkewa idan wuta ta fi ƙarfinsa; ya narke, nasa ya ƙare, sai sabo. Bireka kuwa faɗuwa take yi a sake ɗaga ta, kuma ta injin busarwa tagwaye ce da hannu ɗaya, tana yanke layukan biyu tare. Masu ita su lura: takan tsaya a tsakiya kamar ba ta faɗi ba, sai an kai ta ƙarshen kashewa sannan a kunna.

Ku kashe babban makunni, ku cire fis ɗin biyu a gwada su da mitar gwajin wuta ta masu gyara, domin ido na yaudara. Wanda ya ƙone a sauya shi da mai lamba iri ɗaya. Dabarar nan tamu ta gida, ta ɗaura wayar tagulla a madadin fis, don Allah a bar ta. Wayar cikin bango ce za ta ɗau zafin, kuma gidajen can yawanci na katako ne.

Idan fis-fis ɗin lafiyarsu ƙalau, a zare injin daga soket a duba cikinsa. Ko wayar zafin ta tsinke, ko ɗan fis ɗin kariya daga zafi ya yanke. Shi wannan ba ya yankewa haka kawai: ɓurɓushin zare ne ke toshe bututun fitar da iska, zafi ya taru. A sauya shi ba a share bututun ba, gobe ma haka.

Sabon fis ya sake ƙonewa nan take? To akwai inda wayoyi ke haɗuwa. Ku tsaya nan, ku sanar da mai gidan hayar ya turo mai gyaran wuta.