Me ya haɗa madatsar Tiga da tsuntsayen Baturiya?

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Gwale. Za mu kai ɗalibai Baturiya. An ce tsuntsayen Turai na sauka can, amma wani ya ce madatsun ruwanmu na Kano sun kusa kashe wurin. Yaya abin yake?

Amsa: Malama, maganar tsuntsaye gaskiya ce. Baturiya tana Jigawa, cikin fadamar Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala tsakanin jigayi kafin su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. A 2008 aka sa ta cikin jerin Ramsar na muhimman dausayin duniya. Idan sanyi ya tsananta a Turai, agwagin ruwa kan ƙetaro Sahara su tarar da 'yan gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, da gauraka in an taki sa'a. Su ne suka kawo Yarima Philip na Ingila zuwa Dagona, wata matattarar tsuntsaye a wannan fadamar ta ɓangaren Yobe, a 1989.

Batun madatsu kuwa, "kashewa" ta yi yawa, amma mutumin bai yi ƙarya ba. Ruwan da Tiga ke tarewa tun 1974, da Challawa tun 1992, yana cikin ruwan da a da yake cika fadamar. Da shi muke noman rani a Kura da Kadawa, shi muke sha a birni.

Abin da ya fi damuna ba raguwar ruwan ba ne, sauyin lokacinsa ne. A da kogi ya cika da damina, ya ƙafe da rani, ciyawa ta mutu. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa. Abin nema ya samu ga kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Ta yi kaka-gida, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa: wani gari ambaliya ta cinye gonakinsa, na gaba ko jiƙa ƙasa bai samu ba. Kwalekwalen masunci ba ya ratsa ta, kuma cikinta tsuntsayen janbaki ke kwana, gari na wayewa su afka wa shinkafa. Shi ya sa masana ke neman a riƙa sakin ruwa da yawa cikin damina, a kwaikwayi ambaliyar da.

Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, ku isa bakin ruwa da sassafe. Ki roƙi wani dattijon masunci ya nuna wa yaran inda ruwa ke kaiwa lokacin ƙuruciyarsa.