Manhaja ta ƙi sayar min da hannun jarina, ko an cinye kuɗina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jos, shagona yana Taminus. Bara na sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani guda 60,000 ta manhajar dillali a waya. Yanzu lalura ta taso na zo sayarwa, sai manhajar ta ce dole in rubuta farashin da nake so in jira. Na rubuta, har yau shiru, farashin kuma ya kafe a Naira 2. Ko dai an cinye kuɗina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka. Bisa ga bayaninka, kayanka suna nan, mai saye ne babu.

Fara da tabbatarwa. Hannun jarin da aka saya a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, kamfanin CSCS ne ke ajiye lissafinsa. Ka tambayi dillalinka lambarka ta CHN (lambar shaidar da CSCS ke bai wa mai hannun jari) da takardar bayanin asusunka, ka ga ko 60,000 ɗin na rubuce da sunanka.

Manhaja ba ita ke sayen kayanka ba. Aikinta ta kai odarka kasuwa, a haɗa ka da wanda ya taya. Hannun jarin manyan bankuna kullum yana da masu tayawa, cikin ƙiftawar ido an gama ciniki. Wasu ƙananan kamfanoni kuwa, yawancin hannun jarinsu na hannun mutum biyu uku da ba su da niyyar sayarwa, ɗan abin da ya rage ne ke yawo. Shi ya sa NGX ta shar'anta wa kamfanonin da ke babban rukuninta su bar kashi 20 cikin ɗari na hannun jarinsu a hannun jama'a, ko abin da ya kai Naira biliyan 20, amma ba duka ke cika sharaɗin ba. Irin wannan jari kamar fili ne a bayan gari: kowa zai faɗa maka darajarsa, amma ranar da ka matsu sai ka rasa mai kuɗi a hannu.

Naira 2 da kake gani farashin rufe kasuwa ne, ba alkawari ba ne. A 2019 kasuwar ta kawo ƙa'idar cewa sai ciniki ya kai hannun jari 100,000 kafin farashin allo, wato wanda kake gani a manhaja, ya motsa, saboda haka ana iya ƙananan cinikayya a ƙasa da Naira 2 allo bai nuna ba. Akwai kuma iyakar kashi 10 cikin ɗari a rana, sama ko ƙasa. Wato ko ka yarda ka faɗi, yau ba za ka sauko ƙasa da Naira 1.80 ba.

Dalilin hana ka danna "sayar" kai tsaye ke nan. A ce mutum ɗaya ya taya 5,000 a Naira 1.95, wani ya taya 8,000 a Naira 1.80. Odar da ba ta da farashi za ta kwashe su duka, ka sallama da arha ba da saninka ba, saura 47,000 kuma na nan. A ganina dillalin ya kyauta da ya sa wannan shinge. Inda nake ganin laifin masu manhajoji shi ne, ranar saye ba sa jan kunnen mutum da babbar murya, sai ranar sayarwa ya ji a jikinsa.

Buɗe shafin kamfanin a manhajar, ka dubi jerin masu tayawa da yawan abin da aka yi ciniki a 'yan makonnin nan. Idan akwai mai tayi, sauko ka same shi, ka riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, kana lissafa ladan dillali. Ka kuma duba wa'adin odarka, domin wata da an tashi kasuwa take mutuwa, sai an sabunta.

Idan jerin fayau yake, tambayi dillali ko an dakatar da cinikin kamfanin ne, abin da kan faru idan bai miƙa rahoton kuɗinsa a kan lokaci ba. In haka ne, ba dillalin da zai iya sayar maka sai an ɗage. In kuwa ba a dakatar ba, ga masu tayi a farashinka, odarka kuma ba ta shiga ba, rubuta wa dillalin koke ka ajiye kwafi. Idan bai warware ba, kai ƙara NGX, sannan SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, da ke Abuja.