Amsar Alhaji ga Bashiru kan garejin Avenor

Assalamu alaikum jama'ar gida. Bashiru, ɗana, na saurari muryarka ta jiya har sau biyu. Ka ce wasu sun zo garejinku na Avenor a Accra, gefen layin dogo, suna tayin ba ku kuɗin tashi, wai za a gyara layin a yi sabuwar tasha, su kuma su rushe tsofaffin ɗakunan ajiyar nan su ɗora benaye da shaguna. Kana tambaya ka karɓa ko ka tsaya. To, kada ka sa hannu a kan komai tukuna.

Da farko, ƙasar ta wa ce? Mu mutanen zango akwai mu da sakaci a nan. Mutum ya shekara 20 yana biyan haya hannu da hannu, ko rasit babu, ya ɗauka ya zama ɗan gida. Filin da ke manne da layin dogo galibi na gwamnati ne. Wanda ke can ciki kuwa yana iya zama hayar shekaru ce, kuma wa'adinta na ƙarewa. Ka ce mai garejin ya nuna maka indenca, wato takardar mallakar fili, da taswirar filin, ka je Lands Commission, hukumar filaye, a bincika maka sunan wa ke kai. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 20, ya ce in gwamnati ta karɓi fili sai ta biya diyya, amma ranar biyan mai takarda ake kira.

Ni gani na yi, ba labari aka ba ni ba. A Yulin 2021 aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie, mu masu albasa, aka kai mu Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa min da asuba daga Kaneshie, ta ɗauki rabin buhu ta koma kafin rana ta yi zafi, shekara da shekaru. Da muka koma can sau biyu ta zo, ta ce Alhaji, kuɗin mota ya cinye ribar. Ban sake ganinta ba. Wallahi rumfar da na rasa ba ta yi min ciwo kamar mutanen da na rasa ba. Kai ma direban da ke kawo maka motarsa daga Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ba zai bi ka bayan gari ba, yaranka masu koyon aiki da ke takowa daga Nima da Mamobi kuma ina za su sa kansu?

Kada wani ya ce Alhaji na ƙin jirgi. Ina so ƙwarai. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a tiroto, motar haya, daga Circle zuwa Achimota da yamma ya san muna bukatarsa, kuma ga layin Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97, an buɗe shi a 2024, abin mai yiwuwa ne. Sai dai maganar tasha kaɗai tana ɗaga farashin fili tun ba a kafa tubali ɗaya ba. Masu tayin sun san haka, shi ya sa suke gaggawa.

Don haka ku haɗu, makanikai da masu walda da masu fenti, ku yi magana da baki ɗaya. Ku nemi a rubuta cewa za a ware muku waje a ƙasan sabon ginin ko kusa da shi, da haya daidai ƙarfinku. Ku kuma tambaye su ruwa ina zai bi, domin kogin Odaw na nan, kuma ba mu manta da ambaliya da gobarar daren 3 ga Yunin 2015 a Circle ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ranar Asabar bayan la'asar zan biyo in sha Allah. Ka ajiye min takardar da suka ba ka, mu kai wa lauya ya karanta.