Filin Tambaya: Yadda Ake Saukar da Baƙuwar Linux a Cikin Windows

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Unguwar Rogo, Jos, ina koyon Django, wato kayan gina manhajojin yanar gizo da harshen Python. Laftof ɗina HP ce, Core i5, RAM 8 GB, tana kan Windows 11. Na sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, don in ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, da farko ta ƙi tashi tana cewa VT-x a kashe yake. Abokina ya gyara wannan, amma yanzu komai na buɗe sai na yi ta jira, alhali na ba ta RAM har 6 GB. A ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da abokinka ya yi shi ne kunna VT-x, fasahar furosesan Intel da ke ba da damar gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta, a cikin BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar. A yawancin HP ana shiga da F10 lokacin da kwamfuta ke tashi, a Dell da F2, kuma a injinan AMD sunan wannan saitin SVM ne. Wannan ya wuce.

Kuskurenka yana wajen rabon abinci. Kwamfutar da ka ƙirƙira a VirtualBox baƙuwa ce, Windows ce mai masaukinta, kuma daga tukunya ɗaya suke ci. Da ka ɗebi 6 GB ka ba baƙuwa, ka bar wa mai gida 2 GB, alhali Microsoft da kanta ta ce Windows 11 na buƙatar aƙalla 4 GB. Sai Windows ta koma tana aron faifai a madadin RAM, shi kuwa faifai bai kama ƙafar RAM a gudu ba, duka biyun suka rarrafa. Kashe baƙuwar, shiga Settings, sannan System, ka mayar da ita 3072 MB da furosesa 2.

Shawararmu ma ita ce ka rabu da Ubuntu Desktop gaba ɗaya. Ita kaɗai tana neman RAM aƙalla 4 GB, kuma fayil ɗinta ya kai kusan 6 GB, wanda ba ƙaramar data ba ce ga ɗalibi. Sauke Ubuntu Server 24.04 LTS, wadda ta fito a Afrilun 2024 kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Girmanta kusan rabin wancan ne, ba ta da tagogi sai baƙin allon rubutu, kuma Django da PostgreSQL (ma'ajiyar bayanai) za su zauna cikinta a wadace. Ba ta faifai 30 GB irin wanda ke girma a hankali. Lokacin girkawa za a nuna maka Install OpenSSH server. Kada ka tsallake shi, domin ta nan za ka riƙa shiga baƙuwar daga Windows. Akwai kuma tarko ɗaya: mai girkawar yakan ware wa tsarin kusan rabin faifan ne kawai, sauran ya ajiye. Idan ka ga wuri ya cika tun ba a je ko'ina ba, rubuta sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv.

Sannan duba ƙasan tagar VirtualBox ta dama. Idan ka ga ɗan koren kunkuru, to Hyper-V, wato tsarin Windows na gudanar da baƙin kwamfutoci, shi ne ya riƙe VT-x, VirtualBox na bi ta ƙarƙashinsa, shi ya sa take nawa. Kashe Memory integrity a Windows Security, buɗe Command Prompt a matsayin mai iko (Administrator), rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, ka sake kunna kwamfutar. Ka sani cewa WSL 2, hanyar Windows ta gudanar da Linux, ba za ta yi aiki ba sai ka sake rubuta umarnin da auto a madadin off, kuma ka rage wata kariya ta Windows, don haka ka auna kafin ka yi. In kuma laftof ɗin na kan tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD ya fi duk wani saiti da muka lissafa tasiri.

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce a Bukuru. Manhajata ta Django na tashi lafiya a cikin baƙuwar, amma idan na rubuta localhost:8000 a Chrome na Windows ba na ganin komai.

Amsa: Malama, ƙofa biyu ce a rufe. Ta farko: VirtualBox na sa baƙuwa a bayan NAT, wato wata keɓantacciyar hanyar sadarwa ta cikin gida, ya ba ta adireshin 10.0.2.15. Ita tana iya fita intanet, amma Windows ba ta iya shiga wurinta sai an buɗe hanya. Je Settings, Network, Port Forwarding, ki ƙara layi biyu: 8000 na mai masauki zuwa 8000 na baƙuwa, da 2222 zuwa 22, wato ƙofar SSH da ake shiga baƙuwa ta cikinta. A gurbin adireshin mai masauki ki sa 127.0.0.1, don kada waɗanda kuke kan wayifai ɗaya a ofis su riƙa leƙa aikinki. Ta biyu: Django na sauraron cikin gidansa ne kawai, don haka ki tashe shi da python manage.py runserver 0.0.0.0:8000.

Layin 2222 ɗin shi ne mai daɗin. Da ssh -p 2222 sunanki@127.0.0.1 kin shiga, kuma idan kika sa Remote - SSH a VS Code, za ki riƙa rubutu a Windows alhali fayilolin na zaune a Linux. Mun fi son wannan a kan jakar tarayya (Shared Folder) tsakanin Windows da baƙuwa, wadda ke da nawa kuma take yawan karya npm install saboda ba ta yarda da mahaɗan fayil (symlinks) na Linux kai tsaye.

Tambaya: Batirina ya mutu, aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Yanzu baƙuwar na tsayawa a wani rubutu initramfs. Daga Gangare.

Amsa: Sannu, ɗan'uwa, kada ka goge ta. Wutar ta yanke ana cikin rubutu a faifai ne. Rubuta exit, za ta faɗi sunan faifan da ya samu matsala, sai ka rubuta fsck -y, umarnin gyaran faifai, tare da wannan sunan, sannan reboot. Yawanci tana dawowa. Daga yau ka ɗauki Snapshot, wato ajiyar yanayin baƙuwar da za ka iya komawa gare shi, da zarar ka gama girka kayan aikinka, da kuma kafin kowane babban sauyi. Amma shi ma a faifan laftof ɗinka yake kwana, don haka ka riƙa tura aikinka GitHub kullum, kuma lokaci-lokaci ka fitar da baƙuwar duka a fayil ɗin OVA ta Export Appliance, ka ajiye a faifan waje. Kafin ka samu batiri, idan janareta ya fara tari, rubuta sudo poweroff.